Gidajen Telc da soron kakana

Duk Bahaushen da ya zo ƙasar Cek, kafin ya gama sauke jaka za a ce masa ya je ya ga Furag, babban birnin ƙasar. Ni kuwa da za a tambaye ni, Telc zan tura shi, wani ɗan gari mai mutum dubu biyar da 'yan kai, kusan awa biyu a bas daga Brno inda nake zaune. Sunan ma bai ba mu wahala ba, "c" ɗinmu ta Hausa ce a ƙarshensa.

Abin kallo a garin dandalinsa ne. Gidaje ne jere kafaɗa da kafaɗa, wani ruwan ɗorawa, wani kore, wani shuɗi, ƙarƙashinsu rumfa mai baka-baka ta zagaye filin, ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya sai ka kewaya ba ka jiƙe ba. Asalinsu na katako ne, gobara ta cinye su a ƙarshen ƙarni na 14, aka sake ginawa da dutse, wata gobarar kuma ta sake tashi a 1530. Sai mai garin, Zakariyash na Hradec, ya je Italiya a 1551, ya dawo idonsa ya buɗe, ya kawo maginan can suka gyara masa fada, masu gidaje kuma kowa ya shiga ƙawata fuskar gidansa. A 1992 UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Na tsaya gaban wani gida mai zane baƙi da fari har wuyana ya ƙage. Ashe ba fenti ba ne. Yaɓe biyu suke yi, duhu a ƙasa, fari a sama, sai a kankare na saman tun da ɗanyensa, hoton ya fito. Na ɗaga kai na ga tulluwar ginin ta wuce rufin, har da tagogin ƙarya da babu ɗaki a bayansu, ado ne kawai. Nan take soron kakana a cikin birnin Kano ya faɗo mini: zankwayensa, zanen da magini ya yi wa ƙofar zaure, ƙanshin makuba bayan sabon yaɓe. Wallahi fasaharmu ba ta gaza tasu ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne uzurin da muka haddace: wai nasu dutse ne, namu ƙasa, ƙasa kuwa ba ta daɗewa. To Gidan Rumfa fa, da aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kafin gobarar Telc ta 1530 ma? Masallacin Agadas da hasumiyarsa fa, da tsohon garin ya shiga jerin UNESCO a 2013? Kuma fuskar gidajen Telc ba dutse kake gani ba, yaɓe ne, sanyi da ƙanƙara na ɓamɓare shi kamar yadda damina ke lasar namu. Ranar da na je, wasu mutum biyu na kan tsani suna cike tsaga da ɗan cokalin gini, a hankali kamar masu yi wa amarya lalle. Mu ma da haka muke, kowace shekara kafin ruwa ya sauka a kira magina. Yaɓen muka bari, ba ƙasar ce ta ci amanarmu ba.

Ba wai can aljanna ba ce. Mai gida ba ya canja taga ko launin bango sai hukumar kula da kayan tarihi ta yarda, kuma da yawa gidajen sun koma masaukin baƙi da kantin tsaraba. Da hunturu dandalin fayau yake. Sannan sa'a ta taimake su: manyan masana'antu sun tsallake garin, babu wanda ya matsa a rushe. Kano kuwa mutane ne ke ƙaruwa kullum, ba za ka ce wa mai 'ya'ya goma ya zauna a ɗaki biyu don bature ya zo ɗaukar hoto ba. Na yarda da wannan.

Amma Ƙofar Na'isa da aka rushe a 2010 don faɗaɗa titi, ɗakin kwanan wa ta tare? Badala, da ke jiran shiga jerin UNESCO tun 2007, ana ta yankar ta ana kafa shaguna. Telc tafkuna uku suka kewaye ta, da kariya ce daga mahara da wurin kiwon kifi, yau yara na tuƙa kwalekwale a ciki. Kududdufanmu, waɗanda daga cikinsu aka haƙo ƙasar da ta gina birnin, bola muka mai da su, muka cike, sannan muna mamakin ambaliya.

Daren da na koma Brno na kira baffana, na ce, "Baffa, don Allah a bar soron nan, ni zan riƙa aiko kuɗin yaɓe." Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, ai tun bara muka sa bulo. Har da tayil, sai ka zo ka gani."