Kunyar da ke kai samari gadon asibiti

Samari 'yan'uwana, raina a ɓace yake. Wani matashi aka kwasa cikin dare zuwa asibiti, loɓarsa, wato fatar kan mazakuta da ake yankewa a kaciya, matsattsiya ce, ya ja ta baya da ƙarfin tsiya, ta maƙale a bayan kan mazakuta ta ƙi komawa, wurin ya kumbura har launinsa ya fara sauyawa. Shekaru yana fama da wannan matsewa, ko mahaifinsa bai sani ba. Wai kunya!

Wace irin kunya ce wannan? Ranar wanka ai ba a ɓoye cibiya. Fitsari na fita da ƙyar, fatar na cika kamar balan-balan, tana tsagewa, in gaba ya miƙe sai azaba, amma bakinka gum. Ga ka da waya dare da rana kana kallon abin da ko faɗarsa bai dace ba, a can kunya ba ta kama ka, sai a gaban likita. Wani kuma gara ya saya wa kansa wani haɗi a intanet daga hannun wanda bai taɓa ganinsa ba, ya shafa ya ƙone.

A yaro ƙarami matsewar loɓa ba ciwo ba ne. Da fatar a manne ake haihuwar jariri, da kanta take sakewa sannu a hankali. Iyayen da ke fizgar ta da ƙarfi su ke jawo tsaga, tsaga ta bar tabo, tabon ya ƙara matse ta. In kuwa a babba ta matse daga baya, cikin abubuwan da ke jawo hakan akwai yawan kamuwa da ƙwayoyin cuta, akwai wani ciwon fata mai sa ta yin fari da tauri, akwai ciwon sukari da wani bai ma san yana ɗauke da shi ba.

Abin haushin, maganin ba wuya. Likita kan ba da man shafawa irin su betamethasone, sau 2 a rana na mako 4 zuwa 8, ana ɗan jan fatar a hankali. In bai yi ba, a faɗaɗa bakin da ƙaramin aiki ko a yi kaciya. Amma wadda ta maƙale a baya ba ta jiran gari ya waye, don jini take tarewa.

Da can uba yakan ja ɗansa gefe ya tambaye shi lafiyar jikinsa, kawu ma haka. Yanzu kowa ya sunkuya kan wayarsa, yaro na ɗingishi a gida babu mai ce masa me ya same ka.