Ƙarfin hasken tocila ba shi ke nuna daɗewar batir ba

A kasuwar Katsina, mai sayen ƙaramar tocilar aljihu yakan kunna ta, in ta kashe masa ido ya ce, "Wannan batirinta zai daɗe." Yana da hujja, tunda batir mai rauni dishi-dishi yake haskawa. Amma abin yana damuna, domin lissafin a juye yake: yawan haske yawan cin wuta ne. Batir 18650 na gaske, wato irin batir mai caji da ake sa wa tocila, bai cika wuce 3,500mAh (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa) ba, ko me aka rubuta a kwali. Mai gadin da ya ƙure hasken tocilarsa, kafin tsakar dare za ta yi zafi ta dushe. In ya rage hasken, caji ɗaya zai kai shi Asuba.