Kafin a kafa 'yan sandan jihohi, a leƙa bayan kanta

Tun da Shugaba Tinubu ya zauna da gwamnoni a Abuja a watan Fabrairun 2024 suka amince a duba batun 'yan sandan jihohi, maganar ta zama waƙar da kowa ke rerawa. A Nuwamban 2025 ya sake neman Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta gyara doka domin jihar da ke so ta kafa nata, bayan 'yan kwanaki kuma gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ce suna goyon baya. Yanzu duk wanda aka tambaya game da tsaro, a rediyo ko a talabijin, amsarsa ɗaya ce. Abin da ya ishe ni shi ne yadda masu wannan magana ke ɗaukar ɗan sanda tamkar mutum ne mai bindiga da za a tura daji kawai. Ba na jin kowa yana ambaton caji ofis na ƙaramin gari, alhali a can ne talaka yake haɗuwa da hukuma ido da ido, a can ne kuma yake yanke shawarar ko gwamnati tasa ce ko ta wasu.

Ɗan sandan da ke aiki a hedikwatar ƙaramar hukuma, ko a wani ɗan ofishi mai ɗaki biyu a ƙauye, ba kullum yake arangama da 'yan bindiga ba. Yawancin abin da ake kawo masa ƙanana ne a idon mutanen Abuja: an sace akuya, an ɗauke babur a ƙofar masallaci, wani ya ci iyakar gonar wani, kishiyoyi sun dambace, an yi wa mutum yankan aljihu ranar kasuwa, mai shago yana bin wani bashi. Kowace ƙara ta zo, akwai yanke hukunci na farko da babu alƙalin da ke gani. Sajen da ke kanta shi zai zaɓa ko ya rubuta, ko ya sallami masu ƙara su je wajen mai unguwa, ko ya zaunar da su a sulhunta, ko ya ce wa ɗaya ya cire bel da takalmi da agogo ya shiga ciki. Wannan zaɓi shi ne aikin ɗan sanda na gaskiya, kuma shi ne abin da mahawarar nan ta tsallake.

Ni ba na cikin masu ganin wannan dama a matsayin illa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake raba rigimar ɓarnar gona da kaka ya san darajarta. Shanu sun faɗa gonar dawa da dare, manomi ya wayi gari ya tarar da karare a kwance, matasan ƙauye sun fara ɗaukar gora. Sufeto mai hankali ba ya hanzarin kulle kowa. Yakan aika a kira dagaci da arɗo, a taka zuwa gonar tare tun rana ba ta yi zafi ba, a bi sawun shanun, a ƙidaya kunyoyin da aka tattake. Sai ya ce wa manomin: "Baba, ka faɗi abin da ka saba samu a nan tsakaninka da Allah." A yi ƙiyasin damma nawa ne suka salwanta, makiyayi ya yarda zai biya ranar kasuwa mai zuwa, a rubuta, kowa ya dangwala yatsa. Kafin azahar an kashe wutar da ka iya cin rayuka. Babu sashen doka da ya koya wa sufeton nan wannan dabara. Ya koye ta ne daga zama da mutane, da sanin wanda ake jin maganarsa a garin. Masu cewa a ƙwace wannan dama a riƙa tura komai kotu ba su taɓa biyan kuɗin mota zuwa zaman da aka ɗage sau biyar ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne an mayar da wannan dama kayan sayarwa, kuma yadda ake tafiyar da ofisoshin ne ya sa haka. Ka je ka kai ƙara a ƙaramin gari ka gani. Za a ce maka babu mai a mota, in ma motar na tashi. Za ka sayi takarda da biro da fayil. In ana son a je a kamo wanda kake zargi, kai za ka ɗauki hayar acaba, kai za ka sallami kofur ɗin da zai hau. In an kulle mutum, 'yan uwansa ne za su riƙa kawo masa abinci a kwano, a sa su ɗanɗana a gaban kanta kafin a miƙa. A jikin bango kuwa ga takarda an manna da manyan haruffa cewa beli kyauta ne, a ƙarƙashinta ake cinikin belin. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ɗan sandan da mai ƙara ya zuba wa mai, ya saya masa katin waya, ya riga ya zama ɗan aikensa kafin ya ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Wanda ya fi kuɗi shi ke fara isa ofis, wanda ya fara isa shi ke zama mai gaskiya.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a maganar bashi. Ɗan kasuwa ya ba wani buhunan taki ko masara bashi, lokaci ya yi bai biya ba. Maimakon ya nufi kotu, sai ya nufi wajen DPO. Ranar Juma'a da yamma ake zuwa kamun, da gangan, don kowa ya san kotu ba za ta zauna ba sai Litinin. In ba a sami mutumin a gida ba, a tafi da ƙaninsa ko tsohon mahaifinsa, a ce sai ya fito. Kafin wayewar garin Lahadi an sayar da tunkiya ko an jinginar da gona, an biya bashin, an cire wa ofis kasonsa. Duk wannan haramun ne a doka, ba kuma wata tsohuwar dokar Turawa ba. Dokar 'Yan Sanda da Buhari ya sa wa hannu a 2020 ta faɗa ƙarara a sashe na 32 cewa ba a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, sashe na 36 kuma ya hana kama wani a madadin wani. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka tsare cikin kwana ɗaya muddin akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokokin suna nan a rubuce, lafiyarsu ƙalau. Mutanen ƙauye ne ba su san da su ba, waɗanda suka sani kuma sun san babu mai zuwa ya duba.

Ba wanke kowa nake yi ba. Akwai azzalumai a cikin kaki waɗanda ko an cika musu aljihu ba za su daina ba, kuma mutanen gari sun san su da suna. Amma akwai kuma kurtun da aka jefo daga wata jiha mai nisa, ba ya jin yaren mutane, yana kwana a kan benci a bayan ofis saboda babu bariki, yana kallon tsofaffin ogoginsa da suka yi ritaya sun fito zanga-zanga a Abuja a Yulin 2025 saboda fanshon da ba ya kai su ko'ina. An kafa asusun tallafa wa 'yan sanda tun 2019, aka riƙa yankar masa kaso daga kuɗin tarayya. A je a tambayi DPO na kowane ƙaramin gari nawa ke isowa hannunsa a wata don mai da gyaran mota da ciyar da waɗanda ke tsare. Amsar da zai bayar, in ya yarda ya yi magana, ta fi duk jawaban da ake yi a majalisa bayani.

To me sauya mai biyan albashi zai gyara a cikin wannan? Gwamnonin da ake so a damƙa wa rundunar su ne waɗanda wasunsu suka sha riƙe albashin malaman firamare wata da watanni. Su ne waɗanda sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa su sakar wa ƙananan hukumomi kuɗinsu. Su ne masu hukumomin zaɓe na jiha, inda kusan duk zaɓen da aka yi jam'iyyar gwamna ke lashe kujerun ciyamomi kaf. Wanda bai bar wa abokin hamayya kujerar kansila ɗaya ba, shi za a ba ikon naɗa wanda ke riƙe da makullin bayan kanta? A yau ma DPO da ke amsa umarni daga Abuja yana jin nauyin ciyaman, don shi ke ba shi ɗan abin zuba mai. Ranar da ƙarin girmansa da canjin wurin aikinsa suka koma hannun gidan gwamnati, ko wannan ɗan jin kunyar da ya rage ba za a samu ba.

Hujjar da aka fi ji ita ce ɗan gari ya fi sanin lungu da saƙo. Gaskiya ne ya san hanya. Ya kuma san gidan surukansa, ya san wanda ya yi shari'ar gona da mahaifinsa, ya san wanda ya kai sunansa aka ɗauke shi aiki. Arewa ta taɓa gwada wannan. 'Yan dokan En'e, wato 'yan sandan hukumar gargajiya ta da, 'yan gari ne, sun san kowa, kuma da su aka riƙa farautar 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU a Jamhuriya ta Farko, a kama mutum kan ya yi taro ko ya faɗi magana, a kai shi gaban alƙali a ɗaure. Tarihin Hajiya Gambo Sawaba kaɗai ya isa shaida. Saboda irin wannan ne gwamnatin soja ta Gowon ta rushe su ta haɗe su da rundunar tarayya. Abin takaici ne a ce jikokin waɗanda aka yi wa bulala a wancan zamani su ne ke tafa wa dawowar tsarin ba tare da sun nemi ko sharaɗi ɗaya ba.

Na san za a ce mini mutanen Zamfara da Katsina da Sakkwato ana kashe su, ba su da lokacin wannan dogon bayani. Ciwon nan na kowa ne, kuma ba na musun ana bukatar ƙarin hannu a daji. Katsina ta kafa rundunar sa-idonta a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a 2024. Amma yaƙin daji daban, aikin caji ofis daban, kuma na biyun ne ke ciyar da na farkon. Makiyayin da aka tatse a caji ofis sau uku kan laifin da bai yi ba, da manomin da ya ga an saki wanda ya cinye masa gona don ya fi shi kuɗi, dukansu sun daina kai ƙara. Ɗaya ya sayi bindiga, ɗaya ya shiga 'yan sa-kai. Duk wanda ya bi diddigin yadda rikicin Zamfara ya faro ya san rashin adalci a ƙananan shari'u yana cikin tushensa.

Abin da ya kamata a fara yi ba ya bukatar taɓa Tsarin Mulki. A tura kuɗin gudanarwa kai tsaye zuwa asusun kowane ofishin yanki, a manna adadin a bango kusa da waccan takarda ta beli, domin mai ƙara ya san an riga an biya kuɗin man da ake nema a wurinsa. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta wajabta wa majistare ya ziyarci ofisoshin 'yan sanda na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kamu, ya ga waɗanda ke tsare, ya ba da beli in ya dace. Dokar 2020 ta ce kowane ofishin yanki ya kasance da ɗan sanda lauya mai lura da haƙƙin mutane. Manyan alƙalan jihohi su tilasta ziyarar nan, su riƙa yin ta ba sanarwa, har da safiyar Asabar. Gwamnan da ke son a ba shi runduna kuwa, ya fara nuna mana ofisoshi nawa ya gina wa bariki a jiharsa, majistare nawa kuma ya ba motar da za ta kai su ƙauye.