A Hasumiyar Landan na tuna da Basasa

Shekara shida ina zaune a Landan ban taɓa leƙa Hasumiyar Landan ba, sai da ƙanwata ta zo hutu ta matsa mini. Kuɗin tikitin ma sai da ya sa na yi tsaki.

Wanda ya zaga da mu tsohon soja ne, sanye da kayan fada kamar dogari. Ya tsayar da mu ya ɗauko labarin 1483. Sarki Edward na huɗu ya rasu ya bar ɗa mai shekara 12 da ƙanensa mai shekara 9. Baffansu Richard ya ajiye su a nan da sunan ana shirin naɗi, sai kawai aka ce auren iyayensu bai halatta ba, ya haye gadon sarauta. Daga nan yaran suka yi ɓatan dabo. Sai a 1674 ma'aikata suka tono ƙasusuwan yara biyu a ƙarƙashin wata matakala. Yana faɗa yana barkwanci, 'yan makaranta suna ƙyalƙyala dariya.

Ni hankalina Kano ya tafi. A wannan shekarar ta 1483, Muhammadu Rumfa ne bisa gado, wato Gidan Rumfa sa'an wannan labari ne. Mu ma muna da namu, wato yaƙin Basasar Kano. Da Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, Yusufawa, wato magoya bayan Yusufu ɗan Sarki Abdullahi, suka fice zuwa Takai, 'yan gida ɗaya suka zare wa juna takobi, har Alu Babba, ƙanen Yusufu da ya jagorance su bayan rasuwarsa, ya shiga birni, Tukur ya rasa ransa a 1895. Ba a aji na ji wannan ba. A bakin kakata na ji, ita ma murya ƙasa-ƙasa.

Na san dalili. Tasu hasumiyar ba sarki a ciki, ba kasafai kuma ake samun wanda zai yi fushi don an zagi Richard ba. Tamu fadar da ranta, zuriyar ɓangarorin biyu suna nan, ana gaisawa. Ba na so a mai da Basasa abin raha ana yankar tikiti. Amma shirun ya yi yawa, kara ta koma ɓoyo.

A jirgin ƙasa muna komawa gida na fara ba ƙanwata labarin. Ita da ta gama jami'a a Kano, ta dube ni ta ce, "Yaya, wane Tukur?"