Ruwa ba mai ba ne, ku daina yaudarar yaron nan

Wai har yau ana ta yaɗa bidiyon nan na jarkar ruwa da faifan sola biyu, ana cewa wani matashi a Jos ya fitar da iskar haidurojin daga ruwa yana kunna janareta da ita, wai ya kashe kasuwar fetur. Masha Allah! Sai gidajen man Bauchi Road su koma sayar da fiya wata ke nan. Har da masu kiran gwamnati ta ba shi kwangila.

Yaron ya yi ƙoƙari, ba wanda ya raina masa. Haushina yana kan manyan da suka yi kimiyya a sakandare amma suke ta tafi. Jama'a, ruwa ba mai ba ne. Toka ce, wato abin da ya saura bayan haidurojin ta gama ƙonewa da oksijin. Kafin ka raba su, sai ka zuba wutar da ta fi wadda za ka samu in ka sake ƙona iskar. Ƙarfin daga rana yake zuwa, haidurojin ajiya ce kawai. Raba ruwa da lantarki kuwa tun 1800 aka yi shi a Ingila.

Lita 9 na ruwa ke ba da kilo 1 na haidurojin da kilo 8 na oksijin, saboda haka tsadar ba a ruwan take ba. Na'ura mai kyau tana cin yunit 50 zuwa 55, irin yunit ɗin mitarka, kafin kilon nan ya fito, alhali ƙarfin da ke cikinsa yunit 33 ne, kusan lita 4 na fetur. Faifan sola mai wat 400 in rana ta yi kyau yana ba da wajen yunit 2 a wuni. Ke nan faifai kusan 30 za su wuni a rana don lita 4 na mai. Ba a ma maganar Agusta, lokacin da hadari ke rufe Jos har la'asar.

To ita jarkar fa? Amp 10 in ya yi awa guda yana ratsa faranti biyu, lita 4.5 na iskar zai ba ka, ƙarfinta bai kai rabin ƙaramin cokalin fetur ba. Wannan tafasar da ta burge ku, da yawanta tururi ne. Kowane ɗaki, wato faranti biyun nan a cikin ruwa, bolt 2 yake buƙata. In ka jona masa bolt 12 kai tsaye, ragowar zafi take zama, ruwan ya tafasa, waya ta narke. Mai hankali ɗakuna 6 yake jerawa, wuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Janaretan da kuka ji yana kuka, a leƙa tankinsa tukuna.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne gishirin da aka zuba. Ruwan gishiri iskar kulorin yake fitarwa, guba ce mai ƙona huhu. Masu wannan sana'ar, ruwan batir tsantsa suke sawa, da sinadarin KOH kashi 25 zuwa 30 cikin 100, ɗan'uwan sodar masu sabulu, da farantan nikel, da shamaki a tsakani don kada iskokin biyu su haɗu. A bidiyon kuwa tiyo ɗaya suke bi. Wannan ai bam ne, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Haidurojin tana kamawa in ta kai kashi 4 zuwa 75 cikin 100 na iskar ɗaki, ba ta da wari, harshen wutarta da ƙyar ake gani da rana. Kilo 1 nata yana cika wajen lita 11,000, shi ya sa motar Toyota Mirai ke danne ta da matsi mai ƙarfin bar 700. Tukunyar gas ɗin girki ba a yi ta don haka ba.

Na san za a ce hassada ce, da Bature ne da mun yaba. Ku huta. Masana kimiyya Fujishima da Honda na Japan tun 1972 suka nuna haske na iya raba ruwa, amma babban gwajin da Japanawa suka wallafa a 2021, mai faɗin murabba'in mita 100, ko kashi 1 cikin 100 na hasken bai mayar haidurojin ba. Su ma hassada ce ta hana su? Ruwa ba mai ba ne, a Tokyo ko a Dilimin Jos.

Mai son wutar dare ya sayi batirin litiyom, yana mayar maka da kusan kashi 90. In ka bi ta haidurojin, da ƙyar ka ga sulusi. Inda take da amfani na gaske shi ne taki, domin da ita ake haɗa amoniya, daga nan a yi yuriya. Da a ce don manoman dankalin Bokkos da Mangu ake wannan ihun, wallahi da ni ma na taya.