Digiri a hannu, baki ya ƙi buɗuwa

Wai don Allah me aka yi ta koya mana duk shekarun nan? Mun haddace sassan fure, mun zana taswirar duniya har da koguna, amma ba malami ɗaya da ya ce ga yadda ake rubuta takardar neman aiki! Ka shiga intabiyu a ce ka gabatar da kanka, sai gumi ya karyo maka kamar an kama ka da kayan sata. A tambaye ka albashin da kake so, ka sunkuyar da kai ka ce "duk abin da ya sauƙaƙa", su kuwa su sauƙaƙa maka shi har ƙasa. Imel na layi uku sai ka goge shi sau ashirin. Yadda za ka gaya wa oga aiki ya yi maka yawa ba tare da ya ɗauke ka malalaci ba, wa ya koya maka? Excel fa, manhajar lissafi ta kwamfuta da ofisoshi ke ta nema? Sannan a tallata gurbin sabon shiga, a ce sai mai gogewar shekara biyar. Yaushe zai fara tara ta, tun yana zanin goyo?