Dajin can da dajin nan

Shekarata ta farko a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotland, duk ranar Juma'a sai in ji abokan aikina suna shirya wane dutse za su hau gobe. Ni ɗan Zariya dariya abin yake ba ni. Mutum da ɗakinsa mai ɗumi, ba kiwo zai je ba, ba itace zai yo ba, ya ɗaure jaka ya shiga daji cikin ruwan sama. Wa ya aike shi?

Sai da ƙunci ya ishe ni, irin na zaman ɗaki da aiki da waya, sannan na bi sahu. Jirgin ƙasa daga Gilasgo zuwa Balloch bai kai awa guda ba, daga nan mota zuwa ƙauyen Balmaha a bakin tafkin Lomond. Dutsen Conic tsayinsa mita 361 ne kacal, amma ina haki kamar tsohon jaki na isa samansa. Tsibirai ne jere a cikin ruwa, tumaki suna kiwo ba makiyayi, babu abin da kake ji sai iska. La'asar ta riske ni a can. Na yi alwala da ruwan wata 'yar ƙorama, sanyinsa har cikin haƙora, na shimfiɗa rigar sanyina a kan ciyawa. Rabon da in yi sallar da zuciyata ba ta tafi kasuwa ba, na manta. Ayoyin da muka haddace a makarantar allo kan duba sama yadda aka ɗaga ta da duwatsu yadda aka kafa su, ranar na ji kamar da ni suke.

Abin da ya tsaya mini a rai a hanyar dawowa shi ne dutsen Kufena na Zariya. Na girma ina hango shi, ban taɓa hawa ba. Tun muna yara an ce mana wurin iskoki ne. A wajenmu daji wurin wahala ne ko wurin tsoro, yanzu kuma 'yan bindiga sun ƙarasa ɓata masa suna. Ka ce za ka shiga daji shan iska a wajen Birnin Gwari, a ce a kai ka asibiti. A Sikotland kuwa wata dokar 2003 ta ba kowa damar ratsa yawancin filaye da duwatsu, ko na wani ne, muddin ba ɓarna za ka yi ba.

Amma ban yarda Turawa ne suka gano wannan natsuwar ba. Kakana yakan yini a gona shi kaɗai, ya dawo da carbi a hannu, fuskarsa a sake. Bai taɓa kiran abin hutu ba. Mu jikokinsa ne muka tsere birni, har sai da na sayi tikiti da takalmin hawan dutse kafin in ɗanɗana abin da yake samu kyauta a gindin ɗorawa. Kuma shirun nan da kaɗaici a cikinsa. A gida ko a tsakiyar daji ne wani Bafulatani zai ɓullo ya yi maka sannu.

Da na aika wa Inna hoton, kira ta yi nan take.

"Me ka jefar a saman dutse da ka je nema?"

Na ce natsuwa, Inna.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, ka dai riƙa yin bisimilla kafin ka taka."